Shingen Da Aka Gitta Wa Masu Ƙanjamau A Hanyar Ƙetare

Duk wanda ya san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, wajen Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san ba a barin ƙasa ta huta a can. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, ba saura ba daji, sai ɗorawa da kuka da gawo da aka bari tsaye a tsakiyar shuka. Jama'a kuwa kullum ƙaruwa su ke yi, ƙasa ba ta ƙaruwa, kowane rabon gado sai ya daɗa tsaga gonar, ga birni kuma yana ta matsowa yana cin gefenta da gine-gine. Saboda haka fita neman abinci ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen wannan yanki. Da, in an gama kaka, sai a tafi cin rani, ko fatauci, ko a saɓi sanda a nufi gabas. Yanzu kuwa zancen samari da zawarawa ya koma na fasfo da biza da iƙama, da Jidda da Riyad da Dubai.

A wannan hanya akwai wani shinge wanda ba a cika zancensa a dandali ba, domin kunya. Shi ne dokokin da waɗansu ƙasashe suka kafa na hana mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau zama ko aiki ko karatu a cikinsu. Mun ga ya kamata mu yi wa akawuna da malaman makaranta bayaninsa filla-filla, gama tun zamanin En'e har zuwa yau da a ke da ƙananan hukumomi, su ne mutanen ƙauye ke kawo wa takarda su ce, Malam, duba mini abin da ke ciki. Wanda a ke tambaya kuwa, ya kamata ya zama ya sani.

BA YAU AKA FARA BA

Tare matafiyi saboda ciwo tsohon abu ne, kuma ba kullum ya ke zama zalunci ba. Kakanninmu da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka, ta Barno da Wadai da Darfur, in sun isa Suwakin a gaɓar Bahar Maliya sai an tsare su a zangon likita, an yi musu lamba da allura, kafin a bar su su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Dattawa da yawa har yanzu suna da tabon lambar agana a damtsensu. Har wa yau kuma mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazan ƙasar nan zuwa aikin hajji. An ji zafin abin ƙwarai, amma mai hankali ya san akwai hujja. Sanƙarau ta numfashi ya ke bi, in mutum ɗaya ya shiga da shi cikin cunkoson Mina, Allah kaɗai Ya san inda zai tsaya. Annoba kuma tana da lokaci, in ta wuce sai a buɗe hanya.

To, ƙanjamau ba haka ya ke ba. Ƙwayarsa ba ta bin iska, ba ta bin ruwan sha, ba a ɗaukarta ta musabaha ko cin tuwo a akushi ɗaya ko tsayawa sahu ɗaya a masallaci, sauro ma ba ya ɗauke ta. Hanyoyinta sanannu ne: saduwar namiji da mace, da ƙarin jinin da ba a tace ba, da allura ko aska da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, da kuma daga uwa zuwa ɗa wajen goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa. Watau wanda ya zauna kusa da mai ita a jirgin sama daga Kano har Jidda ba abin da zai same shi. Sa'an nan ba ciwo ba ne da za a ce a jira ya wuce. Wanda aka rufe wa ƙofa saboda shi, an rufe masa ke nan har iyakar ransa.

Ba yanzu aka gane wannan ba. Tun cikin watan Maris na 1987, shekara ɗaya kacal bayan an ba da labarin ganin ciwon a Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Janiba domin su duba maganar gwada matafiya. Suka ce ba zai hana yaɗuwar ciwon ba, ba zai yiwu a yi shi sosai ba, kuma ɓarnar kuɗi ne. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wanda bai daɗe da kamuwa ba, gwaji ya kan iya nuna ba shi da kome har tsawon makonni, alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne ƙwayar ta fi yawa a jininsa. Amma tsoro ya riga ya shiga zukata, ƙasashe da yawa ba su saurara ba.

YADDA AMURKA TA RUFE, TA KUMA BUƊE

Abin mamaki, ƙasar da ta fi kowa yawan waɗanda aka ƙidaya da ciwon a wancan lokaci, watau Amurka, tana cikin waɗanda suka fara rufe ƙofa. A 1987 ɗin nan wani ɗan majalisar dattijai, Jesse Helms, ya kawo shawara aka sa ciwon cikin jerin cututtukan da ke hana baƙo shiga, a 1993 kuma majalisa ta daɗa ƙulle abin cikin doka. Mai ɗaki na cike da hayaƙi, yana tare ƙofa kada hayaƙin maƙwabci ya shigo.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne. A 1989 wani mutumin Holan, Hans Paul Verhoef, ya sauka a Amurka za shi wani taro kan lafiya, 'yan kwastan suka ga maganin ƙanjamau a jakarsa, aka kulle shi kwanaki. Tsakanin 1991 da 1993 an tsare 'yan gudun hijirar Haiti fiye da 200 a sansanin Gwantanamo don an sami ƙwayar a jikinsu ko jikin danginsu, sai da wani alƙali ya ba da umurni kafin aka sake su. Masana suka yi fushi, babban taron duniya kan ƙanjamau da aka shirya yi a Boston a 1992 aka ɗauke shi aka kai Amsterdam, bai kuma sake komawa Amurka ba sai 2012. Shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu aka cire hanin daga doka a 2008, Shugaba Obama ya ƙarasa sauran, ran 4 ga Janairu 2010 aka daina tambaya. Shekara 22 ke nan. Kuma bayan an buɗe, yawan sababbin kamuwa a ƙasar bai hau ba, sauka ma ya yi a shekarun da suka biyo.

A 2010 ɗin ƙasar Sin ta bi sahu, Namibiya ma haka. Malaman makaranta za su so su ji cewa Koriya ta Kudu ta daɗe tana tilasta wa baƙin malamai masu koyar da Turanci gwaji, har sai 2017 ta bari. Ingila da Faransa ba su hana mai ƙwayar shiga ko zama. Nan kusa kuwa, mai zuwa Maraɗi ta Jibiya ko Damagaram ta Kongolam, ko mai zuwa Kumasi, ba mai tambayarsa jininsa.

INDA ƘOFAR KE KULLE

Abin baƙin cikin shi ne, wuraren da mutanenmu suka fi nufa su ne suka fi riƙe abin da ƙarfi. A watan Yuni na 2019 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau ta ƙidaya ƙasashe da yankuna 48 da ke da irin wannan doka. Daga cikinsu aƙalla 30 suna hana shiga ko zama, 19 kuma korar baƙo su ke yi in sun same shi da ƙwayar. A cikin masu korar akwai Saudiyya, da Daular Larabawa inda Dubai ta ke, da Katar da Kuwait da Oman da Baharain, da Masar da Maleshiya da Rasha. Ku dubi jerin nan da kyau: ƙasashen da a ke zuwa aikatau da tuƙi da gadi da ɗinki ke nan, da kuma waɗanda ɗalibanmu ke zuwa karatun addini da na likita.

Ga yadda abin ke gudana ga mai neman aiki a ƙasashen Larabawa. Kafin a buga masa biza sai ya kawo takardar likita. In ya sauka, kafin a ba shi iƙama, watau takardar izinin zama, sai a sake ɗibar jininsa a can, ba su dogara da takardar gida ba. A Daular Larabawa duk lokacin da za a sabunta izinin sai an sake gwadawa. In aka sami ƙwayar, ba zancen magani, ba zancen ɗaukaka ƙara, sai tsarewa da jirgin komawa gida, sau da yawa kuma da hanin sake dawowa.

Yanzu ku auna wannan da ma'aunin Bacirawa. A ce magidanci yana da gayauna biyu da ya gada. Ya jinginar da ɗaya, matarsa ta sayar da tumakinta, aka haɗa aka ba ejan, domin ɗansu ya tafi ya riƙa aiko da riyal. Yaron bai taɓa gwaji ba, gama lafiyarsa lau ya ke ji, ita kuwa ƙwayar ta kan yi shekaru a jiki ba alama. Ejan ya ce kada a damu da takardar likita, shi zai ji da ita. Bayan mako kaɗan sai ga yaro ya dawo da jakarsa. Gona ta tafi, ejan ba ya mayar da kuɗi, uwa uba kuma ga tambayar da kowa zai yi a ƙofar masallaci: me ya dawo da wane da wuri haka? A garin da kowa ya san kakan kowa, wannan tambaya ita kaɗai ta isa ta tona asirin da likita ya rufa, ta ɓata auren ƙannensa mata da ba su ji ba ba su gani ba. Labarin da ya kamata mutum ya ji a asirce, daga bakin wanda zai kwantar masa da hankali ya nuna masa hanyar magani, sai ya ji shi a baƙuwar ƙasa, cikin harshen da ba ya ji, daga bakin mai gadi.

Amma kada a haɗa wannan da aikin hajji, gama mun ji mutane suna rikita su. Abin da Saudiyya ta daɗe tana nema a hannun alhajin Nijeriya shi ne shaidar allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan-inna, da kuma cewa yana da ƙarfin da zai yi aikin. Gwajin ƙanjamau na masu neman zama da aiki ne. Musulmin da ke shan maganinsa, likitansa kuma ya ga yana da ƙarfi, kada wani ya yanke masa ƙauna daga Ɗakin Allah da jita-jita. Sai dai ya bi ta hukumar alhazai ya ji ƙa'idojin lafiya na shekarar da zai tafi, domin a kan sake su.

HUJJOJINSU

Ba za mu ce ƙasashen nan ba su da abin faɗa ba. Hujjarsu biyu ce. Ta fari, kare jama'arsu. Ta biyu, kuɗi, watau kada baƙo ya zo ya zama nauyi a asibitinsu.

Ta farin mun riga mun ga rauninta, amma ga ƙarin shaida. Rasha tun 1995 ta ke neman takardar gwaji daga duk baƙon da zai wuce wata 3, tana kuma korar wanda ta kama. Duk da haka a 2016 yawan 'yan ƙasarta da aka rubuta sun kamu ya kai miliyan ɗaya. Ashe ɓarawon a cikin gida ya ke, ana ta gadin ƙofa. Illar irin wannan doka ma ita ce ta kan sa ɗan ƙasa ya ɗauka ciwon na baƙi ne, sai ya saki jiki. A 2011 kotun kare hakkin ɗan Adam ta Turai ta yanke wa Rasha hukunci a shari'ar wani mutumin Uzbekistan mai suna Kiyutin, wanda ya auri 'yar ƙasar har suka haifi 'ya, aka hana shi izinin zama saboda jininsa kawai. Kotun ta ce wannan wariya ce.

Sa'an nan dokokin nan an kafa su ne a zamanin da ba magani, lokacin da sunan ƙanjamau ya dace da ciwon, mutum ya rame ya ƙanjame ya mutu. Tun 1996 aka sami haɗin magunguna masu danne ƙwayar, yanzu har ya koma ƙwaya ɗaya a rana. Mai sha a kan kari zai yi noma, ya yi tuƙi, ya tsufa kamar kowa. Wani babban bincike da aka bayyana a 2011, da waɗanda suka biyo bayansa a 2016 da 2019, sun tabbatar da cewa wanda magani ya danne ƙwayar a jininsa har gwaji ba ya iya ƙirga ta, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Watau mutumin da ya san halinsa, ya ke kuma shan magani, shi ne wanda ba abin tsoro a tare da shi, kuma shi ne dokar ke kamawa.

Hujjar kuɗi ta ɗan fi nauyi, ba mu musa ba. Ƙasa tana da ikon ta lissafa abin da baƙo zai ci mata, Ostireliya ma haka ta ke yi ga mai neman zama na dindindin. Amma in lissafi za a yi, sai a yi wa kowa, a duba mutum ɗaya ɗaya, da abin da zai ci da abin da zai kawo da guminsa. Ba a korar mai ciwon sukari ko hawan jini, alhali su ma shan magani su ke yi har abada. Ware ciwo ɗaya a ce shi kaɗai ne ba ya shiga, a ganinmu ba lissafi ba ne, tsohon tsoro ne da aka ƙi yarwa.

ƁARNAR DA BA A GANI

Shinge ba ya hana mai yunwa tafiya, sai dai ya sa shi ya bi ta ɓarauniyar hanya. Wani ya sayi takardar likita ta jabu, ya je can a kama. Wani ya shiga da bizar umra ya maƙale, ya zama takari marar takarda, wanda ko zazzaɓi ya kama shi ba ya kusantar asibiti don tsoron tarhil, gidan da a ke tara waɗanda za a kora. Mafi muni shi ne wanda ya san yana da ƙwayar, ya bar maganinsa a gida don kada a gani a jakarsa. Duk likita zai gaya muku tsayar da maganin nan haɗari ne: cikin makonni ƙwayar ta kan farfaɗo, wanda da ba ya sa wa kowa ya koma mai iya sawa, in kuma ana sha ana bari, ƙwayar ta kan iya sabawa har maganin ya daina yi mata aiki. Akwai kuma matan da ke zuwa aikatau lafiyarsu lau, a can abin ya same su, wani lokaci ba da son ransu ba, amma su a ke kora, ba mai tambayar daga ina ya fito. Dokar da aka ce an kafa ta don kashe wuta, sai ga ta tana hura ta.

Ba wai ciwon ya cika ƙasar nan ba ne. Babban ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna mutum kamar miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya, a jihohin arewa maso yamma kuwa kamar mutum 6 ne cikin kowane baligi 1,000, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Amma 6 cikin 1,000 a ƙasa mai cikar ta Kano ba mutane kaɗan ba ne, kuma kowannensu yana da gida da gona da dangi.

Mu kanmu akwai abin da za mu duba a gida. Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wa mai ƙwayar bambanci, ta hana mai ɗaukar ma'aikata ya sa gwaji sharaɗi, ta kuma hana tona asirin mutum ba da yardarsa ba. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar Jihar Kano ta gwaji kafin aure. Wannan ya sa takardun gwaji za su riƙa ratsa hannun mutane da yawa fiye da da, limamai da waliyyai da masu unguwa da akawuna. Ba za mu zargi Larabawa da tozarta ɗanmu ba, sa'an nan mu mu ƙarasa shi a bakin rijiya. Akawun da aka kawo wa takarda ya karanta, amana aka ba shi, ko matarsa bai kamata ta ji ba.

To, in wani ya zo muku da zancen tafiya, abu na fari da za ku ce masa shi ne ya je ya yi gwaji da kansa, a asirce, tun bai taɓa gona ba, tun bai ba ejan ko sisi ba. Daga Bacirawa zuwa birni ba nisa, ga Asibitin Murtala, ga Asibitin Zana, ga na koyarwa na Malam Aminu Kano, maganin kuma tun 2006 gwamnati ta mai da shi kyauta a asibitocinta. In ba shi da kome, ya tafi da kwanciyar rai. In yana da ita, gara ya ji a gida, ya fara magani, ya juya akalarsa zuwa inda ba a tambaya, gonar kuma tana nan. Ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Masar ko Rasha ko Maleshiya shi ma haka, tun kafin a yi masa walimar ban kwana. Ejan da ya ce shi zai ji da takardar likita kuwa, a guje shi, domin ba shi zai tsaya gaban likitan can ba.

Mai shan magani da zai yi gajeriyar tafiya, ta ziyara ko kasuwanci ko ibada, ya fara ganin likitansa ya karɓi abin da zai ishe shi har da rarar mako biyu ko uku, saboda jirgi ya kan yi jinkiri. Ya sa shi a jakar hannu, kada ya sa a babbar jaka da kan ɓace, ya kuma riƙe takardar likita mai nuna maganin nasa ne. Dokokin nan suna sakewa, jerin 2019 ba lalle ya tsaya yadda ya ke ba, saboda haka kafin a biya kuɗin tikiti a nemi sani daga ofishin jakadancin ƙasar da za a, ko daga hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Jihar Kano. Ana iya yin tambayar ba tare da an faɗi sunan mai tafiyar ba.